Salar Dutse ta Ƙarshe

Lahadi, huɗu ga wata

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki? Kin je an duba ta kuwa, ko har yanzu kina nan kina shafa mata man zafi kina cewa sai gobe? Mu nan lafiya ƙalau, sai godiya. Mutumin naki, maigidana Mai Tsakuwa, yana gaishe ki. Ya ce in gaya miki sunan nan da kika laƙa masa ya bi shi har wurin aiki, masu shara ma da shi suke kiransa a bayan idonsa.

Na zaɓi in rubuto ne don a waya ba na samun sakewa. Kin san zamanmu, gida tare, ɗakin gwaji tare, in na ɗaga waya yana gefena yana gyara min magana.

Takardar ritayarsa ta fito. Ƙarshen watan nan zai miƙa makulli. Shugaban sashenmu na jami'a bai ma jira ba, ya turo mutum biyu da tef suka auna ɗakinmu, wai ajin kwamfuta za a mayar da shi. Muna zaune suka yi awonsu, har da ce min in ɗan janye ƙafa. Ni ma da tafiyarsa nawa aikin ya ƙare, don ba wanda ya rage a ginin nan mai buƙatar a yanka masa dutse a goge.

Ana cikin wannan ne, Auta, muka samu abin da yake nema shekara talatin. Na san kin fara dariya, amma ki daure ki karanta, don ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Kin tuna dutsen nan da ke ƙarƙashin teburinsa, wanda kika taɓa tuntuɓe da shi kika zage shi tas? Yana saurayi ya saro shi daga wani tsauni. Tsaunin yanzu babu shi, masu fasa dutse sun cinye shi kaf, sun shimfiɗa shi a titi. Wannan dutse ya taɓa nutsewa cikin ƙasa, zurfin kilomita talatin ko fi, ya dahu a can cikin zafi da nauyi fiye da shekara miliyan dubu biyu da suka wuce, sannan ya taso a hankali. Yana cikin dahuwar ne wasu jajayen ƙwayoyi suka tsiro a jikinsa, mu ganet muke kiransu. Abokan aikinsa duk sun ce irin wannan dutse a bushe ya dahu, ruwa ya daɗe da gudu. Shi kuwa ya kafe a kan akwai ruwan gishiri a wurin, kuma in ƙwayar na girma takan rufe ɗigo a cikinta, kamar yadda ƙwaro kan maƙale a kyandir in ya daskare. A kan wannan magana aka yi masa dariya a wani taro, lokacin kina zaune a wurinmu, ya dawo ya yi kwana biyu ba ya cin abinci. Ke kika ce a bar shi, in ya ji yunwa ya tauna dutsen.

Ruwa kam mun sha gani a cikin dutsen, amma kullum a jere yake a kan tsohuwar tsaga. Irin wannan daga baya ya shiga, ba ya zama shaida. Abin nema shi ne wanda ke can tsakiyar ƙwayar, shi kaɗai, ba tsaga kusa da shi.

Dutsen da ya fi kan mutum girma, yau a yanka gobe a yanka, sai da ya koma kamar guntun sabulu. Makon jiya na sa masa zarto na ƙarshe. Na goge ƴar siririyar salar da na yanko ciki da baya har haske na ratsa ta, faɗinta bai wuce farcen babban yatsa ba. Da na ɗora ta a madubin nan namu mai ƙara girman abu, sai ga ƴan koguna uku, wato ƴan rufaffun ramuka, a tsakiyar jar ƙwaya, babba ɗaya da ƙanana biyu a gefensa. Kowanne cike da ruwa, kowanne da ƴar kumfarsa. In kin jera goma irinsu ba za su cika kaurin silin gashi ba.

Na kira shi ya duba. Ya daɗe yana nema kafin ya gani, har na fara tsammanin na goce da salar. Da ya gani kuwa, ya tashi, ya zauna, ya sake tashi, ya riƙe min wuyan hannu har sai da na ce masa da zafi.

Ya kamata in yi murna, kuma na yi. Sai dai hankalina ya ƙi kwanciya. Sala ɗaya ce, babu wata, babu kuma inda za a samo. Kwana ashirin da shida suka rage mana mu auna ta. Ki sa mu a addu'a.

Ki gaishe min da maigidan da yara. Ki ce wa babbar na ga hotonta, ta yi tsawo.

Taki,
Yaya

Asabar, goma ga wata

Auta ƙanwata,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Na ji daɗi da kika ce an duba ƙafar, Allah ya ƙara sauƙi. Ki sha maganin har ya ƙare, ban da halin nan naki na ajiye rabi don gaba.

Kin tambaye ni yadda ake auna ruwan da ido ma ba ya gani. Muna da wani ɗan akwatin ƙarfe mai taga, kamar gwangwanin man shafawa, muna ce masa murhu. A ciki ake sa salar, a ɗora a ƙarƙashin madubi. Yana sanyaya abu har ya wuce ƙanƙara nesa, yana kuma gasa shi. Sanyi ake fara yi. A daskarar da ruwan, a bar shi ya narke a hankali, inda ƙanƙarar ƙarshe ta narke shi ke nuna yawan gishirin. Bayan nan sai zafi. Ana ƙara wuta ruwan na kumbura, kumfar na ƙanƙancewa, sai ta fara rawa, sai ta ɓace. Digirin da ta ɓace a kai shi ke nuna cewa zafin da dutsen ya rufe ruwan a cikinsa bai gaza haka ba. Wannan lamba ita Mai Tsakuwa yake jira tun ba a haifi babbarki ba. Hatsarin shi ne, in zafi ya zarce, kogon fashewa yake yi, ruwan ya tsere, shi ke nan har abada.

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya ido a madubi, ɗaya hannu a makunnin wuta yana kallon allon digiri. Kuma muna da doka, shi ya kafa ta: mai makunni ba ya faɗin lamba, ba ya tari, ba ya ko gyara zama, don kada mai kallo ya ji an kusa inda yake so, zuciyarsa ta nuna masa abin da babu. Sai mai kallo ya ce ta ɓace, sannan a rubuta. Muna sabon aure na taɓa yin suɓutar baki na ce mun kai ɗari biyu. Bai yi min faɗa ba, ya dai yage aikin yinin gaba ɗaya ya sa a kwando. Tun ranar bakina bai sake buɗewa a kan makunni ba.

Mun gama na sanyi ranar Alhamis, kuma ni na yi kallon. Ya fara, sai ya ce gilashin da datti. Na goge. Ya ce har yanzu. Sau biyar ina gogewa, na ƙarshe har da cire shi na ɗaga a taga, fes yake. Daga nan ya ce wuyansa ya riƙe, in zauna in duba, shi ya kama makunni. Gishiri kam akwai shi, ya ninka na teku sau da yawa. Ranar har waƙa ya yi a mota, da muryar nan tasa da kika sani.

Da na ga haka sai na lallaɓa na ce, to na zafin ma in yi kallon mana, tunda wuyan bai saki ba. Auta, da kin ga kallon da ya yi min. Ya ce shekara talatin yana jiran ya ga kumfar nan ta ɓace da idonsa, ba zai ji a bakin kowa ba, ko da ni ce. Me zan ce? Gaskiyarsa ce. Da a ce kyamarar madubin na aiki da duk mun gani tare a allo, amma shekara huɗu ke nan da ta mutu, mun rubuta takarda har mun gaji.

Wani abin dariya, madubin nan ido biyu gare shi, amma har gobe sai ya rufe idon hagu da tafin hannu ya leƙa da na dama kaɗai. Da madubi mai ido ɗaya ya koyi aiki, hannun ya saba. Na yi tsiya har na bari.

Talata za mu yi na zafin. 

Ki gaishe da kowa da kowa.

Yayarki

Laraba, sha huɗu ga wata

Auta,

Ina fata kuna lafiya. Ki yafe min gajeruwar gaisuwa. Lafiyarmu lau, kada ki tsorata, ba wanda ya yi rashin lafiya. Amma na yi ɓarna, kuma ban gaya wa kowa ba sai ke.

Jiya da hantsi muka zauna. Ya sa farar rigarsa ta aiki wadda na goge masa, ya kulle ƙofa, ya kashe fanka don kada tebur ya motsa. Kafin ya sunkuya ya ce min kada in tsaya sai ya ce. Ya rufe idon hagu, na fara murɗawa.

Har ɗari uku ban damu ba, don mun yi tsammanin abin zai kai ɗari uku da hamsin. Muka wuce nan. Yana ta cewa a hankali, tana nan, tana rawa, in ƙara. Na ƙara. Muka kai ɗari huɗu. Na sha ganin kogunan dutsen nan suna fashewa a daidai wurin, ni na san su, ni nake goge su. Zuciyata ta ce ki yi magana. Wata zuciyar ta ce, in kika yi magana kin ɓata awon da ba za a sake ba, kuma wa ya sani, ƙila waɗannan na tsakiyar sun fi ƙarfi, ƙila abin da yake faɗa shekara talatin ke nan. Shi ke gani, ni ba na gani. Na dubi ƙeyarsa, na dubi allo, na sake duban ƙeyarsa. Hannuna kawai zan ɗauke, Auta. Ko tari na yi da ya ɗago. Ban yi ba.

A ɗari huɗu da casa'in da shida ya buga tebur ya ce, “Ta ɓace!” Na rubuta, na kashe wuta. Da na faɗa masa lambar sai ya fashe da dariya har da hawaye. Lambar ta fi abin da ya taɓa mafarki. Ya ce zafi irin wannan ba wanda zai sake cewa daga baya ruwan ya shiga. Ya fita neman shugaban sashe ko rigar bai cire ba.

Yana fita na leƙa. Babban kogon ya yi baƙi ƙirin, ga ƴan tsage-tsage sun fita ta kowane gefe kamar ƙafafun gizo-gizo. Ƙananan biyu ma haka. Babu ruwa, babu kumfa. Ko ƙara ba su yi ba da suka fashe. Ruwan da ya zauna a rufe tun ba mutum a duniya, ni na sake shi da yatsu biyu a cikin minti arba'in.

Ban san a wace lamba kumfar gaskiya ta ɓace ba. Ta yiwu tun a ɗari uku da wani abu ta tafi, shi kuma yana ta jira. Abin da na kasa ganewa shi ne, me yake kallo duk tsawon lokacin nan? Mutumin da ya koya wa ɗalibai ɗaruruwa bambanta kumfa da datti?

Da ya dawo na buɗe baki zan faɗa, sai na ga ya sayo min lemon kwalba mai sanyi, ya buɗe da kansa ya miƙo min, abin da bai taɓa yi ba a ɗakin gwaji, don shi ya hana ci da sha a ciki. Ya ce rabin lambar nan tawa ce, sunana zai fara sawa a takardar binciken da zai rubuta. Na karɓa na sha, ban ji ɗanɗanon komai ba.

Na ce a raina doka za ta yi min aikin. Ƙa'ida ce, in murhu ya huce a sake dubawa a ga kumfar ta dawo, don in ba ta dawo ba kogon ya fashe, a soke awon. Na ce zai gani da kansa, ba sai na zama ni na faɗa ba. Da la'asar ya zauna, ya ƙara hasken fitila, ya rufe idon hagu. Na tsaya a bayansa ina jiran ya yi salati. Sai ya ce ga ta nan, ta dawo, ƴar albarka, har tana ɗan motsi.

Auta, babu komai a wurin. Na sake dubawa sau uku bayan ya tashi. Sai na zauna a kan bokitin garin da muke goge dutse da shi.

Ki rubuto min. Ban san ta inda zan ɓullo masa ba.

Yaya

Alhamis, ashirin da biyu ga wata

Ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta a banɗakin wurin aiki kamar mai laifi. Na gode da addu'a. Ki ce wa maigidan na gode shi ma, amma don Allah maganar ta tsaya a tsakaninku.

Kin ce in bar tsoho da farin cikinsa, wa zai sani, dutse ba ya magana. Na san don kina son sa kika faɗa, duk da tsiyar da kike masa. Wallahi na gwada. Kwana takwas ke nan ina gwadawa. Kullum da safe yana zagaya ɗaki hannu a baya yana faɗa ina bugawa a kwamfuta, in na zo kan lambar sai yatsuna su tsaya, ya ce ko na gaji ne, in ce a'a. Ya koma cin abinci har da neman ƙari. Ya je an yi masa aski. Jiya na ji shi a waya da ɗanmu yana cewa bai yi zaman banza a duniya ba. Ki gaya min, da wane baki zan tare wannan?

Amma dutsen yana magana, Auta, ga wanda ya iya kallo. Ranar talatin ga wata za a yi masa taron sallama a sashe. Ya roƙi shugaba a kawo madubin zauren taro, a ɗora salar, kowa ya zo ya leƙa. Ya aika wa mutum biyu daga cikin waɗanda suka yi masa dariya a wancan taron, ɗaya ya amsa zai zo, tafiyar yini guda. Wannan mutumin kallo ɗaya zai yi ya gane fasasshen kogo. Ɗalibin shekarar farko ma zai gane. Kuma na san ba zai ce komai ba, zai dai ɗago ya yi masa murmushin tausayi a gaban jama'a. Gara min a yi masa dariya sau goma da a yi masa wannan.

Na yi tunanin in ce salar ta faɗi ta fashe a hannuna. Laifin ya dawo kaina, ya yi fushi, ya huce. Har na ɗauke ta ranar Litinin na tsaya a kan siminti. Na kasa sakin ta. Ko na fasa, lambar ƙarya tana nan a takarda da sunansa, shi da bai taɓa rubuta abin da bai gani ba.

Na kuma koma wurin tarkacen da na share daga zarto, na tace laka, na tsince duk ɓarɓashin da ya kai ƙwayar shinkafa. Kwana huɗu ina gogewa a ɓoye, in ya tafi ofis cike takardun ritaya, har fatar yatsuna ta saɓule. Na samu jajayen ƙwayoyi goma sha ɗaya. Ba ko ɗaya mai kogo a tsakiya.

Kin ce in kai shi asibiti a duba kansa. Kansa lafiya lau, lissafin da yake yi da ka ni da na'ura ma ba na kamo shi. Yana tuƙi, yana karanta jarida, jiya shi ya zura min zare a allura. Na ce masa mu je a duba mana ido mu duka, tunda an daɗe. Ya ce bayan taro.

Komai bayan taro. Ni kuwa ina nan ina kallon kwanaki suna tafiya, na rasa abin kamawa. In na faɗa na karya shi, in na yi shiru wasu su karya shi, kuma ko ta ina hannuna ne ya murɗa makunnin.

Ki gaishe da yara. Kada ki kira, yana gefena.

Yayarki

Talata, ashirin da bakwai ga wata

Auta tawa,

Ina gaishe ku, ina fata kowa lafiya. Na gaya masa. Ko in ce, na nuna masa, don har ƙarshe bakina bai iya ba.

Yau da safe ya ce mu gwada yadda za a yi ranar taro, kada a samu matsala. Na shirya madubi, na kunna fitila. Da ya juya yana rataye hularsa sai na zare salar daga murhu na riƙe a hannuna. Ban shirya haka ba, hannun ne ya yi. Babu komai a ƙarƙashin gilashin sai farin haske.

Ya zauna, ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya sunkuya. Ina ta roƙon Allah ya ce min ina salar take. Sai ya ce hasken ya yi yawa yau, jan ma ya wanke, amma ga ta nan dai a tsakiya, kuma kamar ta ɗan ƙara girma. Ya fara gaya min yadda zai yi wa baƙi bayani, wa zai fara leƙawa, wa zai biyo.

Hannunsa na dama yana kan tebur. Na juya shi, na buɗe tafin, na sa masa salar a ciki, na rufe yatsunsa a kai.

Maganar ta tsaya. Bai ɗago ba. Na ga yana shafa gefenta da babban yatsa, ya san ta, akwai ɗan ɓalli a kusurwa ɗaya da shi ya yi mata da hantsaki. Ya daɗe a haka, ido a madubi, dutse a hannu. Ina jin masu shara suna jan bokiti a baranda.

A nan na faɗa masa sauran, ina tsaye a bayansa, don ba zan iya a gabansa ba. Na ce kogunan uku sun fashe tun ranar Talatar nan, na ga mun wuce ɗari huɗu na yi shiru, na kuma ƙara shirun mako biyu a kai. Na ce ya yafe min. Ya ce ba ni na kafa dokar ba. Iyakar abin da ya ce ke nan a kan dutsen, har yanzu bai ƙara ba.

Can ya ɗago a hankali, hannun hagu na nan a kan idonsa bai cire ba. Ya dubi bango. Ya dubi taga. Sannan ya juyo kujerar ya dube ni da idon daman nan shi kaɗai, abin da ban taɓa ganin ya yi ba in ba a madubi ba. Ya matsar da kai dama, ya matsar hagu, kamar mai leƙen wani ta bayan ginshiƙi. Ashe ɗigon a cikin idonsa yake. Na hagun ne yake rufa masa asiri duk watannin nan, a titi da gida da gaban jarida, shi kuma yana zuwa madubi sai ya rufe mai lafiyar da hannunsa.

Na durƙusa a gabansa na ce ya cire hannun, ya dube ni da biyun. Bai cire ba. Ya ce, “Tsaya tukuna. Ina ganin ɗankwalinki, ina ganin haɓarki. Tsakiyar ce babu. Ta zauna a kan fuskarki, tana rawa.”

Mun samu ganin likitan ido gobe da ƙarfe tara. Na tambayi ma'aikaciyar a waya ko irin wannan yana tsallakawa ɗaya idon, ta ce sai likita ya duba. Takardar da zai karanta a taron kuwa yana nan ya sa ta a gaba, bai ce a fasa ba, bai ce a yi ba, salar kuma har yanzu tana hannunsa, da ita ya ci abincin rana.

Auta, in ƙafar za ta bar ki, ki zo. Ki zo ki yi masa tsiya, ko zai tanka. Ni na yi magana yau, kuma ban ga abin da ta gyara ba.

Ki gaishe da maigidan da yara.

Taki har kullum,
Yaya